Mijinyawa da Ɗorin Ƙafar Jirgi

Mijinyawa shi ne autan Kulu mai ƙosai ta Likoro. Ranar da ya faɗo duniya, ungozoma ta ɗaga shi da hannu biyu ta ce wannan ba jariri ba ne, baƙo ne da ya taho da guzurinsa a jiki. Mata huɗu Kulu ta haifa kafin shi, dukansu sirara kamar sillen kara, shi kuwa sai ya tattara naman da suka bari ya yafa. Da yake auta ne, babu kunyar da ta hana uwarsa kiran sunansa a gaban mutane, ko yabonsa a gidan biki.

Abin yabon ne dai ya yi ƙaranci. Mijinyawa ba ya ƙin aiki, aikin ne ba ya jiransa. In an fita gayya, kafin ya kai ƙarshen kunya ɗaya samari sun juyo ta uku. Da aka kai shi wurin masu mazarƙwaila a fadamar Kudan, aka ba shi korar dokin da ke juya injin matse rake, a yini guda dokin ya karanci mai korarsa, ya koma tafiya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Abu ɗaya ne kowa ya sallama masa, shi ne zama. In Mijinyawa ya zauna, to ya zaunu. Ƙuda zai sauka a hancinsa, ya gama abin da ya kawo shi, ya gaji ya tashi, shi ko gezau. Matan unguwa suka sa masa Buhun Dawa. In Kulu ta wuce da kaskonta sai su bi ta da, “Sannu, uwar buhu.” Takan taya su dariya, amma abin yana cinta a rai.

Wanda ya fi kowa sa shi gaba shi ne Gidaɗo, ɗan wan Kulu, wato taubashinsa. Gidaɗo mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, ɗan firit da shi, bakinsa kamar aska. Wasan taubasai ya ba shi damar faɗin duk abin da ya zo bakinsa, ba mai cewa ya yi rashin kunya. Kowannensu bawa yake kiran ɗan'uwansa, sai dai kafin Mijinyawa ya haɗa amsa ɗaya Gidaɗo ya yi masa goma ya hau keke.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, da aka gama girbi, Mijinyawa ya bi 'yan cin rani zuwa Zariya. Allah ya haɗa shi da wani ƙaramin kamfani mai 'yan jirage, waɗanda ke tashi suna ɗaukar hoton ƙasa daga sama saboda masu zana taswira. Aka ba shi lauje, aka nuna masa ciyawar da ke gefen rumfar jiragen.

Babban bakaniken wurin sunansa Malam Iliyasu, wani gajeren dattijo ɗan cikin birni, mai furfura a gemu da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Wata rana yana son gyara ƙafar gaban wani jirgi, aka tarar buhunan yashin da ake danne wutsiya da su rana ta cinye su, ana ɗagawa suna yagewa. Ya ɗaga kai yana tsaki, sai idonsa ya faɗa kan Mijinyawa.

“Kai, mai lauje! Ajiye laujen nan ka zo.”

Jiragen irin masu ƙafa uku ne kamar murhu, biyu a tsakiya, ɗaya a ƙarƙashin hanci. Kusan duk nauyin a kan biyun nan na tsakiya yake, don haka jirgin tamkar sikeli ne. In aka danne wutsiya sai hanci ya ɗaga, ƙafar gaba ta bar ƙasa. Malam Iliyasu ya ninka tsumma ya ɗora a gindin wutsiyar, ya ce, “Nan kaɗai akwai ƙashi, ko'ina gwangwani ne. Zauna a hankali. Kada ka tashi sai na ce, ko da an busa ƙaho.”

Mijinyawa ya zauna. Hancin jirgi ya ɗaga sannu a hankali kamar mai neman jin ƙanshi. Daga hantsi har azahar bai motsa ba.

Tun daga ranar bai ƙara taɓa lauje ba. Ba wai nauyi ne ya yi wuya ba, ai leburori masu nauyi suna da yawa. Zama ne ba su da shi. Wani zai yi susa, wani ya juya ya amsa gaisuwa, alhali hannun bakanike yana can cikin ƙarafa, kuma in hanci ya sauko babu sallama, yatsu ne za su tafi. An kawo sababbin buhunan yashi daga baya, amma Malam Iliyasu ya ce buhu sai an ɗauka an ajiye, wannan kuwa da ƙafarsa yake zuwa.

Daga kan wutsiyar nan Mijinyawa ya sha karatu, domin Malam Iliyasu ba ya aiki bakinsa a rufe, kullum yana koya wa masu koyon aiki.

“Jiragen da,” in ji shi, “'yar tayarsu a wutsiya take. Sai ka ga jirgi ya ɗaga baki sama kamar kaza ta sha ruwa, direba ba ya ganin gabansa sai ya leƙa ta gefe, in ya taka burki da ƙarfi kuma ya ci da ka. Shi ya sa aka dawo da ita gaba. Amma ku ji da kyau, wannan ƙafa ba 'yar dako ba ce, 'yar jagora ce. Duk direban da ya fara dira a kanta ya nemi magana.”

Wata rana kuma ya ji yana cewa, “Ƙafar nan bututu ne a cikin bututu, mai a ƙasa, iska a sama. In jirgi ya dira, na cikin ya shige, man ya bi ta wata 'yar ƙofa a matse, shi ya sa ba ya tsalle kamar ƙwallo. Wannan mai kama da almakashi shi ke riƙe taya ta fuskanci gaba, amma yana buɗewa yana rufewa don ƙafar ta samu shiga da fita. 'Yar kwalbar nan ta gefe kuwa, in ta mutu, sai taya ta kama girgiza kai kamar mai kayan da aka yi wa tayin wulaƙanci.”

Mijinyawa ya haddace duk wannan kamar karatun allo. Sai dai tsakaninsa da hannun Malam Iliyasu akwai tsawon jirgi guda, ga fiffike ya tare. Ya ji komai, bai ga komai ba.

Rasuwar mahaifinsa ce ta dawo da shi gida, don ba a barin gona da tsohuwa. Bayan an share makoki, Kulu ta zaunar da shi ta ce, “To, auta, wai wane aiki kake yi musu a can?”

Ya dubi fuskarta, ya ga yadda take jiran amsa. Ya ce, “Inna, ba a taɓa ƙafar gaban jirgi sai ina wurin.”

Gaskiya ya faɗa, babu ƙari ko na ƙwayar gero. Amma maganar da ta shiga kunnen mai ƙosai da safe ba ta kai azahar yadda ta shiga. Kafin la'asar an ce Turawa ba sa tashi sai ya duba musu taya. Kafin magariba ya zama Injiniya. Matan da ke cewa uwar buhu suka koma “Sannu, uwar Injiniya,” Kulu kuwa ta sake ɗaurin kallabi, tafiyarta ma ta canja.

Mijinyawa ya so ya gyara maganar, amma duk ranar da ya ɗaura niyya sai ya tarar da ita tana ba wata labarinsa, idonta yana ƙyalli, sai ya haɗiye. Mutane suka fara kawo masa fitila da keken ɗinki da agogo. Yakan juya abu a hannu ya ce, “Kowa da fanninsa. Ni ƙafar gaba na karanta.” Wannan ma ya ƙara masa kwarjini, aka ce mai ilimin gaske ba ya shiga hurumin wani.

Gidaɗo kaɗai ne bai saya ba. Ran nan ya kama hannun Mijinyawa a kasuwa ya buɗe tafin, ya jera da nasa.

“Jama'a ku zo ku gani. Ni da nake fama da keke, dubi hannuna kamar bayan kada. Shi mai gyaran jirgi, hannu kamar na amarya. Bawa, da me kake kwance ƙusa, da addu'a?”

“Da safar hannu ake yi,” in ji Mijinyawa.

“Allah ya kawo mana jirgi Likoro mu ga safar.”

Aka yi dariya aka watse, don ba wanda ya zaci Allah zai amsa addu'ar mai gyaran keke.

Sai ga shi wata ranar kaka, da hantsi, an cire dawa ana tara kara, wani ɗan farin jirgi ya zagayo garin injinsa yana tari. Ya kewaya, ya sake kewayawa, ya sauko a kan faƙon da ke bayan gari inda shanu ke taruwa. Ya dira lafiya yana gudu, har sai da ya kusa tsayawa tayar gaba ta faɗa ramin gafiya. Aka ji fus, hancin jirgi ya yi ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa, wani jan mai ya biyo ƙafar yana ɗiga.

“Jini! Wallahi jini ne!” in ji wata mata.

Wani saurayin Bature ya fito, ya duba injin, ya duba ƙafar, ya dafe ƙugu. Aka raka shi tashar jirgin ƙasa wurin akawun da ke jin Turanci. Ta bakin akawun ya roƙi dagaci a kula masa da jirgin, zai je Zariya ya taho da mai gyara. Jirgin sama ya kawo shi, jirgin ƙasa ya mayar da shi.

Dagaci ya tsaya a gaban jirgin da dattawansa, ya daɗe yana kallon ƙafar da ke ɗiga. Abin bai yi masa daɗi ba. Baƙo ya karye a ƙofar gidanka, ka zuba masa ido har danginsa su zo su tarar da shi yadda ya faɗi? Me mutanen Makarfi za su ce?

Gidaɗo ya matso ya durƙusa. “Ranka ya daɗe, ai abin nema ya samu. Ga Injiniya a gari, kuma ka ga ikon Allah, ƙafar gaban ce ta karye. Fanninsa ke nan daidai.”

Aka aika a kira Mijinyawa. Kulu da kanta ta ciro masa babbar rigar marigayi ta sa masa. Tun daga gida har faƙo yana tafe yana roƙon Allah ya sa ƙasa ta tsage, ƙasa kuwa ta kaka ce, ta bushe ƙam.

Da ya isa sai ya ga jirgin kamfaninsu ne, har ya gane tabon da ke gindin wutsiya. Ya tsuguna a gaban ƙafar, karo na farko da ya gan ta kusa haka. Ya yi gyaran murya ya juye musu karatun Malam Iliyasu kaf, bututu cikin bututu, mai a ƙasa iska a sama, almakashi, 'yar kwalba, 'yar jagora ba 'yar dako ba. Dattawa suna gyaɗa kai suna cewa ilimi kogi ne. Ya sa samari huɗu suka danne wutsiya da hannu a inda ya nuna musu. Hanci ya ɗaga, taya ta bar ƙasa, bututun ciki ya zamo waje yana sheƙi. Jama'a suka ɗauki salati.

A nan karatun Mijinyawa ya ƙare. Ya tsaya yana kallon ƙafar, ƙafar tana kallonsa.

“Ga ƙashin nan ya fito,” in ji wata murya a bayansa. “Matsa, ɗana. Ka yi naka, saura namu.”

Maiwada maɗori ne. Gidansu ɗori suka gada kaka da kakanni. Ya ɗora mutum, ya ɗora jaki, ya ɗora ɗan maraƙi, har zakaran liman ya taɓa ɗorawa. Dokarsa guda ce, karaya ba ta kwana. Ya sa aka kawo man shanu da gwangwala, aka karɓo fatar bijimin da aka yanka da safe wurin mahauta, aka yanka ta siri-siri tun tana ɗanya. Ya shafe bututun da man shanu, ya yi tofi, ya jera gwangwala kewaye da shi, ya shiga naɗi. Ya naɗe bututu, ya naɗe almakashi, ya haɗa da 'yar kwalba, yana ja yana taka taya da ƙafa don ɗaurin ya kamu.

Mijinyawa ya sunkuya ya ce, “Baba, ita fa wannan ƙafar dole ta riƙa shiga tana fita. Kuma juyawa take yi.”

“Ƙafar da ke motsi ba ta ɗoruwa,” in ji Maiwada, bai ko ɗago ba. “Ko kana da wata dabarar da ta fi wannan? In akwai, bismilla.”

Duk idanu suka dawo kansa. Can cikin mata ya hango kallabin Kulu. Ya ce, “A'a, Baba. Ci gaba.”

Da aka gama, samari suka saki wutsiya a hankali. Taya ta taɓa ƙasa, gwangwala ta yi ƙara, ta riƙe. Jirgi ya tsaya cak, hancinsa a miƙe kamar bai taɓa durƙusawa ba. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Kulu ta sa aka ɗauko mata kasko da murhu, ta kafa a bakin faƙo, ta ce ƙosan yau sadaka ne. Gidaɗo ya zagaya jirgin yana cizon leɓe. Da yamma aka kai wa Mijinyawa tuwo ya dawo da shi ko rabi bai ci ba, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka yaye shi.

Bature bai dawo washegari ba. Mutane suka yi ta zuwa kallo daga Kudan da ƙauyukan kewaye, masu rake da mazarƙwaila suka baza kaya, wuri ya koma kasuwa. Maiwada yana zuwa safe da yamma ya yi wa majinyacinsa tofi. Rana kuwa tana ta aikinta a kan ɗanyar fata, har ta ƙanƙame ta bushe ta koma kamar ƙarfe.

Ranar da wata mota Landiroba ta iso, ana sallame azahar ne. Bature ya fito, ya hango ƙafar jirginsa, ya kama kai da hannu biyu, ya yi wani Turanci wanda ba wanda ya nemi a fassara. Bayansa wani gajeren dattijo ya sauko da akwatin kayan aiki. Malam Iliyasu ne.

Dattijon ya gaisa da dagaci, ya tsuguna a gaban ɗorin, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya ji ya amsa kamar kalangu. Ya shinshina yatsansa.

“Man shanu,” ya ce a hankali. “Wa ya yi wannan aiki?”

“Injiniyanmu ne ya duba, Baba Maiwada ya ɗaure,” in ji Gidaɗo da sauri, yana turo Mijinyawa gaba. “Ai ka san shi, ko? Ya ce tare kuka yi aiki.”

Mijinyawa ya zube ya kwashi gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar gida. Da gaisuwa ta ƙare masa sai ya rage murya.

“Malam, ka ga tsohuwar can mai kasko? Ita ta haife ni. Injiniya take ce mini.”

“Kai ka gaya mata haka?”

“Ce mata na yi ba a taɓa ƙafar gaba sai ina wurin.”

Gemun Malam Iliyasu ya yi rawa. Ya dubi tsohuwar, ya dubi ɗorin, ya haɗiye dariyarsa da ƙyar. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. “To, Injiniya, an daɗe ba a haɗu ba. Tsaya nan kusa da ni, ka riƙa miƙo mini kaya.” Ya ƙara a ƙasa-ƙasa, “Abin da na nuna da leɓe shi za ka ɗauko, kada ka yi mini ƙwazo.”

Mijinyawa ya ji kamar an sauke masa dutsen niƙa daga ka.

Injin bai ba da wahala ba, ruwa ne ya shiga mai, aka tsiyaye. Ƙafar ce aiki. Dole a yanke fatar, a zare bututun, a sa sabuwar roba, a zuba mai, a buga iska, kuma duk wannan sai hanci yana sama. Motar ta cika da kaya, ba a taho da buhunan yashi ba. Malam Iliyasu ya ce yana son wanda zai zauna a wutsiya.

“Zama kawai?” in ji Gidaɗo. “Wannan ai ko buhu ya yi. Ni ma yau in shiga cikin injiniyoyi.”

Ya ɗare wutsiya, wani saurayi ya taya shi dannewa, hanci ya ɗaga. Malam Iliyasu ya kwanta a ƙasa da wuƙa ya fara yankan fata. Maiwada ya tsaya a kansa yana faɗa.

“Ku zama shaida, ba a kwance ɗori kafin lokacinsa. In ƙafar nan ta shanye babu ruwana!”

“Mun ji, Baba. In ta shanye mu dawo maka da ita.”

Gidaɗo kuwa bakinsa bai huta ba. Yana tsokanar 'yan mata, yana kiran mai rake, yana kaɗa ƙafa. Can wata zuma da ta biyo ƙanshin mazarƙwaila ta zagayo kunnensa. Ya kai mata duka, ya zame, ya diro. Saurayin da ke taya shi ya saki. Hanci ya sauko gaba ɗaya, almakashin da aka gama 'yantawa ya rufe.

Malam Iliyasu ya fizge hannu, amma bai tsira duka ba. Fatar bayan yatsunsa biyu ta tafi. Wannan karon jinin na gaske ne.

Dattijon ya yagi tsumma ya naɗe yatsun da haƙori. Bai dubi Mijinyawa ba ko sau ɗaya. Ya ce, “Ba komai. A samo wani ya hau.”

Mijinyawa ya dubi tsumman yana rinewa. Ya dubi samarin da ke ture juna, kowa yana son a ce shi ya hau jirgi, babu ɗaya a cikinsu da zai iya zaman cin tuwo bai motsa ba. Ya san hannun nan zai sake komawa cikin ƙarafan, kuma ya san don wa mai hannun ya yi shiru. Bai waiwayi wajen kasko ba, don ya san in ya waiwaya ba zai iya ba.

Ya ajiye sifana. Ya tuɓe rigar marigayi, ya ninka ta, ya taka zuwa wutsiya. Hannunsa ya sami wurin ƙashin ba tare da ya duba ba. Ya shimfiɗa rigar, ya juya, ya zauna sannu a hankali. Hancin jirgi ya tashi lumui, ya tsaya kamar an kafe shi da ƙusa. Malam Iliyasu ko waiwaye bai yi ba, ya zura hannu biyu har gwiwa.

Gidaɗo yana kakkaɓe wando, sai ya tsaya. Ya dubi yadda mazaunin ya dace da wurin kamar murfi da tukunya. Ya dubi bakaniken da bai tambayi ko wa ya hau ba. Bakinsa ya buɗe a hankali.

“La ilaha illallahu! Gwaggo! Gwaggo Kulu, taso ki ga ofishin ɗanki!”

Dariya ta fashe kamar an fasa tulu. Ta fara daga samari, ta bi ta dattawa, ta isa wurin mata. Dagaci ya rufe baki da hannun riga kafaɗunsa suna rawa. Wata ta ce ashe dai buhun ne, Zariya kawai ya je aka auna shi. Mijinyawa yana jin kowace kalma. Ba dama ya gudu, ba dama ya rufe fuska, ko sunkuyar da kai da ƙarfi bai yi ba don kada jirgi ya motsa. Ya kafa ido a kan wata kuka da ke nesa, ya zauna.

Kulu ta taso da matsamin ƙosai a hannu. Ta zagaya ta dubi ɗanta a sama, ta dubi dattijon da ke kwance cikin ƙura, ta juyo kan Gidaɗo.

“Kai ɗan nema, da ka shiga ofishin, jinin wa ka zubar?”

Ba ta jira amsa ba, ta koma wurin kaskonta, don mai yana ƙonewa.

Sai da rana ta yi ja Malam Iliyasu ya ce, “Sauka, Mijinyawa.” Aka cike ramin gafiya, aka tura jirgi ƙarshen faƙo, ya yi gudu, ƙafar gaba ta fara barin ƙasa, sauran suka bi. Maiwada ya tattara gwangwalarsa yana cewa ba don tofin da ƙafar ta sha ba da ba ta ɗauke shi ba, kuma har ya bar duniya ba wanda ya iya raba shi da wannan magana.

Sunan Injiniya bai kwana ba. Aka daina kawo wa Mijinyawa fitila da agogo, ya koma gonarsa da tafiyarsa ta hankali. Daga baya ya yi aure, ya zama mai tsaron tukunyar mazarƙwaila, aikin da ke son mutumin da zai zauna gaban wuta bai gundura ba. Gidaɗo kuwa ya samu abin tsokana na sauran rayuwarsa. Duk wannan bai dami Mijinyawa ba kamar tafiyar da ya yi a yammacin ranar, daga faƙo zuwa ƙofar ɗakin uwarsa.

Ya same ta tana kankare kasko. Ya durƙusa daga nesa, rigar marigayi a ninke a hannunsa.

“Inna.”

“Ga tuwonka can a rufe.”

“Inna, na sa an yi miki dariya.”

Ta ci gaba da kankara. “Wanduna uku ka dawo da su daga Zariya, duk a wuri ɗaya suka ci. Ni na yi musu faci. Kana tsammanin na tsufa ban san inda aiki ke cin wando ba?”

Ya ɗago kai. “Kin sani? To me ya sa kika ce musu injiniya?”

“Tun kana goye nake shan uwar buhu. Na ce bari ni ma in ɗan sha inuwa kafin rana ta dawo. Na kuwa sha, har na yi barci a ciki.”

Ya jawo kwanon tuwon ya buɗe.

“Gobe fa za su tare ki a bakin rijiya.”

“Su tare ni. Zan ce musu da idona na ga Bature ya cire hula a gabanka. Ya cire ko bai cire ba?”

“Zafi ne ya dame shi, Inna. Fifita ya yi da ita.”

“Ban tambaye ka dalili ba,” in ji Kulu. “Ci tuwonka.”